Sheƙi, Ƙyalli da Walƙiya: Yadda Turanci Ke Rarrabe Su

Duk wanda ya zauna a shagon mai sayar da yadi a Kantin Kwari cikin 'yan shekarun nan ya ga yadda ciniki ya koma cikin waya. Ɗan kasuwa yana Kano, mai masaƙa yana ƙasar Sin ko dillali yana Dubai, kuma abin da ke tsakaninsu bai wuce hoto da 'yan kalmomin Turanci da aka rubuta a ƙarƙashinsa ba. Hoto kuwa ba abin dogaro ba ne a maganar sheƙi, domin fitilar mai ɗaukar hoto tana iya sa yadi mafi arha ya yi kama da alharini, saboda haka nauyin ciniki yakan koma kan kalmomin. A nan ne ake samun tangarɗa, domin yawancinmu abin da muka taso da shi daga makaranta shi ne cewa “shiny” da “glossy” da “lustrous” da “glittering” duk ma'anarsu ɗaya ce, wato mai ƙyalli. Mai Turanci ba haka yake jin su ba, kamar yadda mu ma ba ma cewa tauraro yana sheƙi ko kuma goshin mai gumi yana ƙyalƙyali. Bambancin yana nan a cikin Hausa, fassarar aji ce kawai ta tattara komai ta zuba a kwando ɗaya.

Kafin a shiga kalmomin, ya kamata a san abin da ido yake gani idan aka ce abu yana sheƙi. Haske idan ya sauka a kan fuska mai santsi ƙwarai, kamar madubi ko ruwan da ke kwance a kwano, yakan koma ta hanya guda, a kusurwa daidai da wadda ya zo da ita, shi ya sa mai kallo yake ganin siffar taga ko ta ƙwan fitila a jikin abin. Idan kuma fuskar tana da kaushi, ko da kaushin da yatsa ba ya ji ne, sai hasken ya watse ta ko'ina, a ga launin abin sarai amma ba a ga sheƙi ba, kamar bangon da aka yi wa farar ƙasa. Kusan duk kalmomin da za a ambata suna bayani ne a kan yadda hasken ya dawo: ko a dunƙule ko a warwatse, ko a tsaye ko yana motsi, ko daga busasshiyar fuska ko daga jiƙaƙƙiya.

Uwar kalmomin ita ce “shine”, kuma ita ce mafi faɗi, domin rana tana yin ta, takalmin da yaro mai gogewa ya goge a bakin masallaci ma yana yin ta. Siffarta “shiny” ita ce ta bakin kowa, yara da manya, kuma ba ta faɗa wa mai sauraro komai game da irin hasken. Wanda ya rubuta ta a odar kaya bai ce komai ba tukuna.

“Gloss” ta fi ta takamaimai. Ana nufin sheƙin fuska mai santsi wadda galibi an shafa mata wani abu ko an goge ta, kamar fentin mai da ake yi wa ƙofar ƙarfe, da takardar hoton biki, da tayil, da jikin sabuwar mota, da man leɓe na mata. Ita ce kalmar masana'antu, har ma tana da ma'auni. Akwai na'urar da ake ɗorawa a kan abu ta harba masa haske ta kusurwar digiri 60, sannan ta auna yawan abin da ya dawo ta kusurwar da ke fuskantarta, kuma mizanin da ake kwatantawa da shi baƙin gilashi ne da aka goge sumul, wanda aka ba shi maki 100. Idan abu ya haura maki 70 sai a sake auna shi a digiri 20, idan kuma ya gaza maki 10 sai a koma digiri 85, domin a waɗannan kusurwoyin ne na'urar ta fi iya bambance abubuwan da ke kusa da juna. Wani masanin auna launi Ba'amurke mai suna Richard Hunter ya nuna tun a 1937 cewa abin da ido ke kira sheƙi ya kasu kashi shida, kuma lamba ɗaya ba ta isa ta bayyana shi ba, abin da duk mai saye a Kwari ya sani ba tare da ya ji sunan mutumin ba.

Daga wannan kalma ne matakan fenti suka fito, kuma a nan ne mai gini a Kano ya fi cin karo da su. A ƙasan tsani akwai “matte”, wadda Ingila take yawan rubutawa “matt”, daga Faransanci, ma'anarta abin da ba ya sheƙi ko kaɗan. Sama da ita akwai “eggshell”, wato ɓawon ƙwai, kuma kwatancen ya dace, domin wanda ya riƙe ƙwan kaza a rana zai ga ɗan haske mai laushi da bai kai a kira shi sheƙi ba. Sai “satin”, sai “semi-gloss”, sai “gloss” ɗin kanta a can sama. Iyakokin da ke tsakanin waɗannan matakai ba ɗaya ba ne a wurin kowane kamfani, saboda haka bokiti biyu masu suna iri ɗaya suna iya ba da bango biyu mabambanta. Zaɓin kuma ba na ado kaɗai ba ne. Fenti mai sheƙi ya fi jure gogewa da ruwa, abin da ke da amfani a gidan da yara ke shafa hannu a bango, amma yana tona asirin magini, domin duk wani tudu da kwari na filasta sai ya fito da shi fili da zarar hasken taga ya bi ta jikinsa, kuma a lokacin hunturu ƙura ta fi bayyana a kansa. Na taɓa ganin falon da aka kashe wa kuɗi aka yi masa fenti mai sheƙi sosai saboda maigidan ya ɗauka mafi ƙyalli shi ne mafi daraja, aka wayi gari bangon yana nuna kowane wurin da hannun mai filasta ya karkace.

Akwai wata “gloss” ta daban a Turanci wadda ba ta da dangantaka da wannan sai kamar rubutu. Ita daga kalmar Girkanci mai ma'anar harshe ta fito, kuma tana nufin ɗan bayanin da ake rubutawa a gefen kalma mai wuya, irin wanda malamanmu suke yi da ajami a tsakanin layukan littafin Larabci. Daga ita aka sami “glossary”. Mai fassara da ya haɗa su biyun zai yi ɓaranɓarama.

Kalmar da ta fi kusa da sheƙi namu ita ce “sheen”, kuma kamannin sautinsu katari ne kawai, babu wata dangantaka ta asali. A tsohon Turanci kalmar tana nufin kyakkyawa, kuma 'yar'uwar kalmar Jamusanci ce mai wannan ma'ana har yau. Yanzu ana amfani da ita ga haske mai taushi da ke kwance a kan yadi, ko gashi, ko fatar doki da aka kula da shi, ko gashin tsuntsu, hasken da ba ya nuna siffar mai kallo amma yana tafiya a kan abin idan an motsa shi. A wurin masu aunawa ma'anarta ta fi haka ƙunci, domin suna nufin hasken da ake gani idan an kalli abu ta gefe, ido ya kusan kwanciya da fuskarsa. Dalili kuwa shi ne kowace fuska ta fi mayar da haske idan ya zo mata a kwance, ko da allon katako ne. Wannan shi ne abin da mai sayen shadda yake yi idan ya ɗauko bandir ya fita bakin ƙofar shago, ya karkata shi yana duba: yana yin abin da na'ura ke yi a digiri 85.

Kano tana da hujjar tsayawa a kan wannan kalma fiye da sauran, domin sheƙi sana'a ce a garin nan tun kafin a san fenti na gwangwani. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, aikinta ba ya ƙarewa a cikin rami. Bayan an tsamo yadi daga ruwan baba an shanya, sai ya tafi wurin masu bugu, waɗanda suke naɗe shi a kan gungumen itace su dinga dukansa da manyan guduma na katako, suna ƙara masa garin shuni. Abin da dukan yake yi shi ne kwantar da zaren da cike ramukan da ke tsakanin saƙa, har fuskar yadin ta zama sumul ta fara mayar da haske ta hanya guda, shuni kuma idan ya taru da kauri yakan ba da wani haske mai ja-ja kamar na tagulla a kan baƙin. Haka ake samun rawani ɗan Kura da turkuɗi, irin wanda Abzinawa suke naɗawa har launinsa ya kama fatarsu. Heinrich Barth, matafiyin nan Bajamushe da ya shigo Kano a 1851, ya ba da labarin yadda tufafin garin nan suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Idan za a bayyana rawanin nan da Turanci, “metallic sheen” ita ce ta dace, wato sheƙi mai kama da na ƙarfe, kuma aikin masu bugu ya fi kusa da “burnish”, wadda ke nufin fito da sheƙi ta hanyar gurza ko dannawa da abu mai tauri, saɓanin “polish” da galibi take tafiya da shafa mai ko kakin zuma da tsumma. Masaƙun zamani suna yin irin wannan bugu ne da manyan naɗaɗɗun ƙarafa masu zafi da suke matse yadi a tsakaninsu.

Sai “lustre”, wadda Amurka take rubutawa “luster”. Ta shigo Turanci a ƙarni na 16 ta hanyar Faransanci, asalinta kuma Latin, kuma har yanzu tana ɗauke da ƙamshin manyanci, kamar yadda annuri da muka aro daga Larabci ya fi haske nauyi a bakin mai magana. Tana nufin haske mai zurfi da ake ji kamar daga cikin abin yake fitowa, irin na lu'ulu'un kawa da na alharini da na zinariyar da ta daɗe a hannu. Masana ma'adinai da ita suke rarrabe duwatsu, suna cewa wannan haskensa na ƙarfe ne, wancan na gilashi, wani na kakin zuma, wani kuma na ƙasa ne marar haske. Dutsen kwalli da ake sayarwa a Kasuwar Kurmi misali ne mai kyau, domin kafin a niƙa shi yana da hasken ƙarfe sosai a inda aka fasa shi, amma da an mayar da shi gari sai hasken ya ragu ƙwarai, saboda manyan fuskokin da ke mayar da shi sun farfashe.

A harkar yadi ma wannan ita ce kalmar masu inganci. Auduga a kan kanta ba ta da wani haske, sai da wani Bature ɗan Ingila mai suna John Mercer ya gano a 1844 cewa jiƙa ta a ruwan soda mai ƙarfi yana kumbura zarenta, daga baya kuma aka gano cewa idan an yi hakan zaren yana miƙe a ɗaure, sai ya fito da haske mai ɗorewa. Shi ya sa ake ganin “mercerised” a jikin takardar shadda mai tsada. Furannin shadda kuwa ba rini ba ne, launinsu ɗaya da sauran yadin, ana ganinsu ne kawai saboda a wani wuri zaren tsaye ne a sama, a wani wuri kuma na kwance, sai kowanne ya mayar da haske ta nasa ɓangaren. Kamfanin Getzner na garin Bludenz a Ostiriya, wanda aka kafa a 1818 kuma sunansa ya zama gezna a bakin mutanen Kano, a kan wannan bambancin na haske ya gina kasuwarsa a Afirka ta Yamma. Mai oda ya kamata ya bambance hasken da ke cikin zare da sheƙin da aka ɗora a sama da sitati da matsa, domin na biyun wanki ɗaya ko biyu ne ajalinsa. Ita kuwa “satin”, kafin ta zama sunan fenti sunan saƙa ce, wadda ake barin zare ya yi doguwar tafiya a sama kafin ya nutse, kuma masana asalin kalmomi da dama suna mayar da ita ga Zaitun, sunan da Larabawa suke kiran tashar jiragen ruwan Quanzhou ta ƙasar Sin.

Duk waɗannan haske ne da ke tsaye wuri ɗaya. Akwai wani rukuni na hasken da ke motsi, kuma a nan Turanci da Hausa sun yi dabara mai kama da juna. Mu mukan maimaita gaɓa idan abu yana faruwa a kai a kai, sai ƙyalli ya zama ƙyalƙyali, a ce abu yana walwali ko yana wal-wal. Turanci kuma yana da tsofaffin ɗafa-ƙeya guda biyu masu wannan aiki, wato “er” da “le” da ake gani a ƙarshen “glitter” da “shimmer” da “glimmer” da “sparkle” da “twinkle”. Wanda ya riƙe wannan ya sami rabin aikin. “Glitter” ita ce ƙananan ɗigo-ɗigo masu yawa da ke kunnuwa suna mutuwa, kamar leshin amarya mai duwatsu a ƙarƙashin fitilun ɗakin taro, kuma takan ɗauki ma'anar zargi irin ta ƙyale-ƙyale a Hausa, wato ado mai yawa da babu nauyi a bayansa. “Sparkle” daga kalmar tartsatsi ta fito, ta fi tsabta da rai, ana faɗarta ga daiman da ruwa mai gudu a rana da idon yaro mai murna. “Shimmer” haske ne mai rawa a hankali kamar ana kaɗa shi, irin na kawalwalniya a kan kwaltar hanyar Zariya da tsakar rana a watan Afrilu, ko na mayafi marar nauyi idan iska ta taɓa shi. “Glimmer” kuwa mai rauni ne ƙwarai, kamar fitilar aci-bal-bal da aka hango daga nesa, “twinkle” kuma kusan ta taurari ce.

Mai lura zai ga yawan kalmomin da suka fara da “gl”. Ba a banza ba ne, domin da yawansu ana mayar da su ga tushe guda mai ma'anar haske a tsohon harshen da Turanci ya gada, tushen da kalmomin zinariya da gilashi da launin rawaya na Turanci ma suke komawa gare shi. Masanin harshe J. R. Firth ya yi magana a 1930 a kan irin wannan tarin sauti da ke jan kunne zuwa ma'ana guda ko da shi kansa ba kalma ba ne. Amma dangin ba su zama ɗaya ba. “Gleam” haske ne mai tsabta da ke tsaye a kan abin da aka wanke aka goge, kamar kwanonin jeren amarya a cikin ɗaki mai ɗan duhu, ko haƙoran mai murmushi. “Glint” ƙiftawa ɗaya ce daga ƙarfe ko gilashi, irin wadda ake gani a bakin takobi ko kan mashi idan mahaya suka zaburo a Hawan Daushe, kuma saboda haka ne take yawan tafiya da barazana idan an faɗe ta a kan idon mutum. “Glisten” sharaɗinta danshi: goshin ɗan dako, idon da ya cika da ƙwalla, titi bayan ruwan Agusta, naman da mai tsire ya shafa wa mai. Wanda ya ce busasshen tayil yana yin ta ya sa mai sauraro ya ɗauka an zubar da ruwa a ƙasa. “Glare” ita ce wadda ba a so, hasken da ke kashe ido, kamar na sabon kwanon rufi da azahar ko na fuskar waya a rana, shi ya sa ake sayar da abin rufe fuskar waya marar sheƙi a kasuwar waya ta Farm Centre, kuma ita ce dai kalmar da Turanci yake amfani da ita ga harara. “Glow” kuwa ba ta mayar da haske ba ce, abin da kansa yake fitar da shi a hankali ba tare da harshen wuta ba, kamar garwashi.

Wurin da fassara ta fi yin ɓarna shi ne jikin mutum. A Hausa idan aka ce fatar mace tana sheƙi, yabo ne, ana nufin hutu da lafiya da kula. Wanda ya ɗauki wannan ya mayar da shi “shiny” ya faɗa wa mai jin Turanci cewa fuskarta ta yi maiƙo, domin a can fuska ko hanci mai “shine” abu ne da ake sayen hoda don a kashe shi. Abin da Bahaushe yake nufi shi ne “glowing” ko “radiant”, na biyun ma ya fi kusa da annuri. Gashi shi ne ake yaba wa da “glossy” ko “shiny” ba tare da matsala ba. A tufafi ma akwai irin wannan tarko, domin kwat ɗin da aka ce ta zama “shiny” sau da yawa ana nufin dutsen guga ya ƙona ta ko ta tsufa har gwiwar hannunta ta yi santsi, alhali mu nan sheƙin babbar riga shi ne abin da ake biyan mai bugu kuɗi a kansa ana gobe Sallah. Telan da ke ɗinka wa baƙi, ko mai tallar shadda a Instagram da yake son mai saye na Landan ya fahimce shi, zai fi dacewa da ya rubuta “a rich sheen” ko “lustrous”, ya bar “shiny” ga ledar da aka naɗe kayan a ciki.